Harajin da Ya Kwana a Shago: Abin da Ya Faru a Indiya a 2017

A daren 30 ga Yuni, 2017, majalisar dokokin Indiya ta yi zama na musamman a birnin Delhi, inda da tsakar dare Shugaba Pranab Mukherjee da Firayim Minista Narendra Modi suka ƙaddamar da sabon harajin kayayyaki da hidimomi da ake kira GST, domin ya maye gurbin tarin harajin da gwamnatin tarayya da ta jihohi suka daɗe suna karɓa kowace ta fuskarta. To, amma kayan da suka kwana jibge a shaguna da ɗakunan ajiya, tun daga buhunan siminti har kwalayen sabulu, an riga an biya musu haraji bisa tsohuwar doka, ga shi kuwa gari na wayewa bisa sabuwa za a sayar da su.

Ƙa'idar irin wannan haraji ita ce nauyinsa ya sauka a kan mai saye na ƙarshe, ɗan kasuwa kuwa wakili ne kurum mai karɓa wa hukuma. Idan ya sari kaya ya biya harajin rupi 100, sa'an nan ya sayar ya karɓi 130, to 30 kaɗai zai kai baitulmali, tun da ɗarin nan ta riga ta isa can. Ashe ke nan, muddin kayan suna kan kanta, bashi yake bin baitulmali. In kuwa aka soke tsohuwar doka ba tare da an ƙetarar masa da wannan lissafi zuwa sabon littafi ba, lalle za a biya wa kwalin sabulu ɗaya haraji sau biyu, kuma matar da ta zo sayen sabulun wanki ita za ta ɗauki nauyin.

Masu tsara dokar ba su gafala daga wannan ba. Sashe na 140 ya halatta wa wanda ke da rajista ya ƙetare da ragowar da ke cikin bayanin harajinsa na ƙarshe, ta hanyar cika takardar TRAN-1 a intanet. Waɗanda dā ba sa cikin tsarin harajin masana'antu, alhali suna riƙe da kayan da aka biya wa harajin, an shardanta musu rasit wanda bai wuce wata 12 ba. Hatta ƙaramin ɗan kasuwar da ba shi da takardar shaida an yi masa sassauci na tsawon wata shida, aka ƙaddara masa kashi 60 ko 40 cikin ɗari na harajin tarayya da ya biya lokacin sayarwa, gwargwadon nau'in kayan.

Wahalar ta ɓullo ne wajen wa'adi. An rufe karɓar takardar a ranar 27 ga Disamba, 2017, alhali shafin intanet ɗin da aka gina domin aikin ya yi ta cijewa, har aka sami 'yan kasuwa masu yawa da rasit a hannu, da haƙƙi bayyananne, amma na'ura ta ƙi karɓar bayaninsu. Ita ma hukuma tana da nata uzurin, domin a watan farko, da aka tara kimanin rupi biliyan 950, sai ga da'awar tsohon haraji ta kai wajen biliyan 650, abin da ya sa ta yi zargin an cusa na ƙarya a ciki. Bincikar da'awa haƙƙin hukuma ne, babu mai jayayya. Abin da hankali ba ya karɓa shi ne a ce dukiyar mutum, wadda ya riga ya biya, ta salwanta saboda gazawar kwamfutar da ba tasa ba.

Haka aka yi ta kai da kawowa a manyan kotunan jihohi, har zuwa watan Yuli na 2022, lokacin da Kotun Ƙoli, a shari'ar kamfanin Filco Trade Centre, ta umarta a sake buɗe ƙofa ga kowa, aka buɗe daga 1 ga Oktoba zuwa 30 ga Nuwamba na shekarar, aka kuma ba jami'ai kwana 90 su tantance. Shekara biyar ke nan jarin mutane yana ɗaure, kuma ɗan kasuwa ya san abin da hakan ke nufi.

A Nijeriya ma, dokar haraji ta 2025, wadda aka tsayar ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, ta faɗaɗa harajin VAT da mai rajista zai iya cirewa, har ya haɗa da na hidimomi da na injinan sana'a. Saboda haka muna kira ga 'yan kasuwarmu, duk wanda ya sari kaya ya nemi rasit mai nuna harajin da ya biya, ya kuma adana shi.