Buin Zahra: Garin Iran da girgizar ƙasa ta rushe, inda tsohon harshen Tat ke fafutukar rayuwa

A kudancin birnin Kazwin, yamma da Tehran babban birnin Iran, akwai wani ƙaramin gari mai suna Buin Zahra. Shi ne hedikwatar ƙaramar hukumar da ke ɗauke da sunansa, kuma ƙidayar shekarar 2016 ta nuna mazaunansa sun ɗan haura dubu 20. Al'umma biyu ne suka daɗe suna zaune a garin da ƙauyukansa: Azarbaijanawa masu harshen dangin Turkanci, da kuma mutanen Tat, waɗanda harshensu ɗan uwan Farisanci ne.

Yawancin Iraniyawa sun san sunan garin ne saboda bala'in da ya auka masa shekaru sama da 60 da suka wuce. An sake gina gidajen da suka rushe, amma harshen Tat da ake yi a yankin kullum sai ƙara ja da baya yake.

Daren 1 ga Satumba, 1962

Wajen ƙarfe 11 saura na dare, lokacin da mutane suka kwanta, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.1 ta afka wa yankin. Gidajen ƙauyukan na tubalin laka ne masu rufi mai nauyi, don haka suka rufta kan masu barci. Mutum 12,225 ne suka rasu, gidaje sama da dubu 21 suka rushe ko suka lalace, ƙauyuka da dama kuma suka zama kufai. Manoma sun yi asarar dabbobi masu yawa, wasu hanyoyin ruwa na ƙarƙashin ƙasa da ake kira kanat, waɗanda ake ban ruwa da su, suka toshe.

Har yau Iraniyawa na tuna yadda Gholamreza Takhti, ɗan kokawar da ya ciyo wa ƙasar lambar zinare a gasar Olamfik ta 1956 a Melbourne, ya riƙa bin titunan Tehran da ƙafa yana tara kuɗi da barguna da tufafi domin waɗanda suka tsira.

Bayan shekara 40, a ranar 22 ga Yuni, 2002, wata girgizar ta sake afka wa yammacin yankin, ta hallaka mutum sama da 200.

Su wane ne mutanen Tat?

Kalmar Tat suna ne da masu harsunan Turkanci suka daɗe suna kiran maƙwabtansu manoma da ba sa jin Turkanci. Shi ya sa sunan ya hau kan al'ummomi daban-daban. Akwai Tat a Jamhuriyar Azarbaijan da Dagestan ta Rasha, sai dai harshensu ya fi kusa da Farisanci, ba ɗaya yake da na Kazwin ba.

Tat ɗin yankin Buin Zahra sun fi yawa a garuruwa irin su Shal, Danesfahan, Esfarvarin, Sagezabad da Ebrahimabad. Ana kuma yin harshen a Takestan, garin da ya yi suna wajen noman inabi, da Eshtehard da ke lardin Alborz.

Masana da dama na ganin harshen nasu yana da alaƙa da tsohon harshen da ake yi a arewa maso yammacin Iran kafin Turkanci ya mamaye yankin. Masanin tarihi Ahmad Kasravi ne ya fara fito da batun wannan tsohon harshe a wani littafi da ya wallafa a shekarun 1920.

Wani abin da ke jan hankalin masana shi ne, karin harshen Tat na wannan yanki yana bambanta namiji da mace a nahawu, kamar yadda Bahaushe ke cewa "ya zo" da "ta zo". Farisanci ya daɗe da zubar da wannan bambanci, Azarbaijanci ma ba shi da shi.

Shekara huɗu kafin girgizar, a 1958, marubuci Jalal Al-e Ahmad ya fitar da littafi kan rayuwar mutanen Sagezabad da Ebrahimabad: gidajensu, nomansu, bukukuwansu da kalmominsu. A 1969 kuma Ehsan Yarshater ya wallafa littafin nahawun kare-karen harshen Tat na kudu. Masu bincike na komawa ga waɗannan ayyuka biyu har yanzu.

Me ke barazana ga harshen?

Sashe na 15 na kundin tsarin mulkin Iran ya ayyana Farisanci a matsayin harshen hukuma da na littattafan makaranta, duk da ya halatta amfani da harsunan yankuna a kafafen yaɗa labarai da koyar da adabinsu. A aikace, yaron Tat da Farisanci yake karatu, da shi yake kallon talabijin, da shi yake rubuta saƙo a waya.

A kasuwa da hulɗar yau da kullum kuwa Azarbaijanci ke da ƙarfi, domin masu shi miliyoyi ne a Iran. Don haka ba abin mamaki ba ne a samu mutumin Tat yana jin harshe uku, amma nasa a gida kaɗai yake yin sa.

Ga kuma ƙaura. Kazwin, Karaj da Tehran duk suna kusa, kuma can matasa ke tafiya neman aikin masana'antu da karatu. Yaran da aka haifa a birni sukan fahimci maganar kakanninsu, amma su mayar da amsa da Farisanci. Hukumar UNESCO ta sanya harshen Tat cikin jerin harsunan da ke fuskantar barazanar ɓacewa.

Buin Zahra na yau ya yi suna wajen noman pistashiyo, wani ɗan itace mai kama da gyaɗa da Iran ke sayarwa a kasuwannin duniya, kuma yana da manyan makarantu. A ƙauyukan Tat dattawa na ci gaba da hira da harshensu. Ɗorewarsa ta rataya ne kan iyaye matasa, ko da shi za su riƙa yi wa jariransu magana ko da Farisanci.