Batirin Babur Da Doguwar Hanyar Birnin Gwari

Duk wanda ya san Birnin Gwari ya san babur ne ƙafar talaka. Daga cikin gari zuwa Kuyello, ko Randagi, ko Kakangi, akwai hanyoyin da mota ba ta iya bi idan damina ta kankama. Da babur ake kai mai naƙuda asibiti, da shi ake fito da buhun masara daga gona, da shi malamin makaranta ke isa ƙauyen da aka tura shi. A Turai da Amurka babur ɗin doguwar tafiya abin shaƙatawa ne, mai hali ya sayi irin su Honda Gold Wing, wanda nauyinsa ya haura kilo 350, ya zaga ƙasa don nishaɗi. Mu a nan doguwar tafiya dole ce, kuma Bajaj Boxer da ƙananan Honda ke ɗauke da nauyinta.

Wannan abin hawa ya sha wahala tare da masu shi. Saboda 'yan bindiga sun mayar da shi dokin yaƙinsu a dazukan Kamuku da Kuyambana, gwamnatin Jihar Kaduna ta haramta hawan babur na tsawon wata uku a ƙarshen Satumban 2021, aka kuma katse layukan waya a wasu yankuna. Ko bayan an ɗage dokar, tsoro ya sa mutane da dama sun jingine baburansu a zaure. Sai a watan Nuwamban 2024, da Gwamna Uba Sani ya zo ya sake buɗe kasuwar kara bayan sulhu, zirga-zirga ta fara komawa yadda take. Hanyar Kaduna mai kimanin kilomita 120, wadda ta ratsa Buruku da Udawa da Kuriga, ta sake ganin matafiya, manoma kuma suka doshi gonakin da suka yi shekaru ba su taka ba.

A nan ne nake so in ja hankali kan wani abu da ake rainawa, wato batir. Ni mahayin babur ne tun ina saurayi, kuma abin da na lura da shi a bakin rumfunan kanikawa shi ne, mutum zai tsaya ya yi ciniki mai tsawo a kan taya da sarƙa, amma idan aka zo kan batir sai ya ce a ba shi mafi araha, ai akwai kik. Gaskiya ne babur da yawa na tashi da kik ko da batir ya mutu. Sai dai hon da sigina da fitilar birki duk a kansa suka dogara, a wasu sababbin baburan ma har da fitilar gaba. Mutanen ƙauyukan da babu lantarki kuwa da shi suke cajin waya. Wanda babur ya mace masa a tsakiyar daji da magariba, waya babu caji, ya san sulhu bai kai a yi sakaci ba.

Batirin babur mai ƙarfin bolt 12 ne, cikinsa faya-fayan dalma ne a jiƙe cikin ruwan batir. Abu uku ke kashe shi, kuma duka ukun muna da su: zafin rana, da jijjigar hanya mai gargada, da dogon zama babu aiki. Batirin da aka bari ya huce na watanni, wani farin ƙeƙashe ke kama faya-fayansa, daga nan ba ya sake riƙe caji yadda ya kamata. Shi ya sa yawancin baburan da aka fito da su daga zaure suke bukatar sabo.

Kafin a saya, a fara gwadawa. Bakanike na kirki yana da mita. Lafiyayyen batir a cike yakan nuna bolt 12.6 ko kusa da haka idan injin a kashe yake. Idan aka tayar aka ɗan ja mai, ya kamata ya hau tsakanin 13.5 zuwa 14.5. In bai hau ba, ko ya zarce, to laifin na rektifaya ne ko kwayil, kuma sabon batirin ma zai bi sahun tsohon cikin 'yan makonni. Da yawa daga cikin waɗanda ke zagin mai shago cewa ya sayar musu da jabu, wannan gwajin na minti biyu ne ba a yi musu ba.

Canjin kansa ba shi da wuya, amma yana da ƙa'ida. A kashe babur a zare makulli. A fara kwance baƙar waya, mai alamar ragi, sannan ja. Dalili shi ne baƙar a haɗe take da ƙarfen babur, don haka idan aka fara da ja, sifana ta taɓa jikin babur, wuta za ta yi tartsatsi, wani lokaci har wayoyi su ƙone. Wajen ɗaurawa sai a juya: ja a farko, baƙa a ƙarshe. A kankare tsatsar da ke bakin wayoyin, a shafa ɗan girisi, a ɗaure batirin da robarsa tamau don kada ya riƙa tsalle a hanya. A tabbata girmansa da lambarsa sun dace da na tsohon. Idan irin wanda ake zuba wa ruwa ne a shago, a bar shi ya zauna kamar rabin awa, a yi masa caji kafin a ɗaura. Gaggawar da ake yi a nan ita ke rage masa kwana tun ranar farko. Hausawa sun ce araha ba ta ado, a kan batir kuwa har lafiya ba ta kawowa.

Saura tambayar da ba a cika yi ba: ina tsohon batirin yake zuwa? Yawanci 'yan gwangwan ke saye, a fasa shi a bayan gida, a zubar da ruwan a ƙasa, a narka dalmar a wurin da yara ke wasa. Mutanen wannan yanki ba baƙin gubar dalma ba ne. A 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, a 2015 kuma ta kashe 28 a yankin Shikira na Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabciyarmu. Waccan daga dutsen zinariya ta fito, amma dalmar da ke cikin batir ita ce dai. Tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma abin da ta lalata ba ya dawowa. A 2024 hukumar kare muhalli ta NESREA ta fito da dokokin sarrafa batura, sai dai doka a Abuja ba ta hana fasa batir a Dogon Dawa idan babu mai bibiya.

Don haka ina kira ga ƙaramar hukuma da masarauta ƙarƙashin Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Mai Gwari II, da su zauna da shugabannin kanikawa da na 'yan acaɓa. A ware wuri guda da za a riƙa tara tsofaffin batura ba tare da an fasa su ba, mai shago ya karɓi tsoho ya rage kuɗin sabo. Hukumar SON kuma ta leƙa kasuwannin kayan babur na Kaduna da Funtuwa, inda 'yan kasuwarmu ke saro kaya. Mu mahaya namu shi ne mu gwada batir kafin kaka ta shigo, lokacin da hanya ke tsawo kuma kaya ke nauyi.

Allah Ya ɗorar da zaman lafiyar da muka samu, Ya kai kowane matafiyi gida lafiya.