Gajeren Horo da Takardar Shaida ga Masu Gyaran Kwamfuta

A kasuwar Farm Centre ta Kano, da layin Beirut, da Computer Village ta Ikeja a Legas, akwai mutane da dama waɗanda suka shekara goma ko fiye suna kwance kwamfuta suna ɗaurawa, sun fara tun suna yaran shago masu miƙa wa maigida kayan aiki, har aka yaye su suka buɗe nasu wurin, amma ba su da ko guntuwar takarda mai shaida abin da duk kasuwa ta san sun iya. Domin irinsu aka ƙago gajeren horo, wanda ake tattara karatun watanni a cikin mako guda ko biyu, bisa hujjar cewa wanda ya riga ya san aiki tsari kawai yake bukata da share fagen jarrabawa.

Musabbabin yaɗuwar wannan al'amari ba ɓoyayye ba ne. Banki ko kamfani ko ma'aikatar gwamnati, idan za su ɗauki ma'aikaci ko su ba da kwangila, takarda suke fara tambaya, domin jami'in da ke tace masu nema bai san kasuwa ba, kuma ba shi da ma'aunin da zai kare kansa da shi in an tuhume shi sai ita. Shi kuwa mai shago, da iyali a wuyansa da haya tana jiransa, ba shi da halin rufe ƙofa shekara biyu ya koma aji. Shahadar da ta fi suna a wannan fanni ita ce A+, wadda ƙungiyar CompTIA ta Amurka take bayarwa tun 1993, jarrabawa biyu ce, kowace ta minti 90. A gida kuma, ban da tsohuwar jarrabawar sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago mai daraja uku, hukumar ilimin fasaha ta NBTE da aka kafa a 1977, mai hedkwata a Kaduna, tana da tsarin amincewa da ƙwarewar da mutum ya samu a wajen makaranta, inda mai tantancewa yake duba aikin hannunsa.

Fa'idar horon ga ƙwararre, alal haƙiƙa, ta wuce takardar. Galibin waɗanda suka taso a kasuwa sun san ƙarfe sani na yaƙini, har ma mutum ya gane illar na'ura daga ƙarar fankarta, amma iliminsu yana da giɓi ta wajen haɗa kwamfutoci a kan layi ɗaya, da tsaron bayanai, da rubuta bayanin kowane aiki, da ladubban riƙe sirrin mai kaya, wanda amana ce babba, tun da hotunan mutum da lissafin dukiyarsa duk suna cikin abin da ya miƙa. Mako guda yana isa a cike wannan giɓi, saboda akwai harsashin da za a ɗora ginin a kai. Ta wannan fuska abin ya yi kama da ijaza a wurin malamanmu, wadda ba ita ke koyar da littafi ba, shaida ce daga wanda ya ji karatun ɗalibi ya gamsu.

Sai dai ma'aunin bai yi daidai da kasuwarmu ba. An tsara A+ ne domin ƙasashen da in allon na'ura ya lalace sai a cire a sa sabo, alhali gwanintar mai gyara a Kano ita ce ya bi layin wuta da mita, ya gano ɗan ƙanƙanin abin da ya ƙone, ya narka dalma ya maye gurbinsa da wanda ya ciro daga matacciyar na'ura. Wannan gwaninta kuwa jarrabawar ba ta tambayarta. Ga Turanci, wanda kan kayar da gwani a tambayar da hannunsa ya san amsarta. Ga kuma kuɗi, domin da dala ake biya, kuma tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023 nauyin ya ninka, sannan bayan kowace shekara uku sai an sabunta shahadar.

Illar da ta fi damuna ita ce ta masu ba da horon. Sharaɗin asali shi ne ƙwarewa, amma wanda ya buɗe makaranta domin riba da wuya ya mayar da mai kuɗi a hannu, saboda haka sai a cusa sabon shiga cikin ajin ƙwararru, a ba shi tambayoyin baya ya haddace, ya fito da shahada irin ta wanda ya shekara goma a kan teburin gyara. Idan masu ɗaukar aiki suka gwada irinsa sau biyu sau uku suka ga babu komai, darajar takardar ce ke faɗuwa, har ta shafi mai gaskiya. Yaran shago ma sun fara lissafi, suna ganin zaman shekaru a gaban maigida ɓata lokaci ne, sai su tafi tun ba a yaye su ba.

Tsarin NBTE ya fi dacewa da ɗan kasuwa, tun da aikinsa ake kallo, kuma da naira ake biya. Cikasinsa shi ne masu gyara da yawa ba su ji labarinsa ba, kuma kamfanin waje da ke neman ma'aikaci sunan CompTIA ya sani.