Kafin A Sa Rana, Kin San Jininki?

'Yar uwa, kin taɓa ganin gidan da miji da mata duk baƙaƙe ne, sai ga zabiya cikin 'ya'yansu? Nan da nan dangin miji su hau ƙananan maganganu, wai daga wajen matar ne. Alhali kuwa su biyun ne suka haɗu suka ba shi.

Yawancin ƙwayoyin gado bibbiyu suke a jikin mutum, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wata tana da rinjaye, ko ita kaɗai ce sai ta nuna kanta. Wata kuwa laɓewa take yi, ba ta bayyana sai ta gamu da irinta. Wani malamin coci mai suna Gregor Mendel ne ya gano haka a birnin Brno, ya wallafa a 1866. Ya haɗa dogon waken Turawa da gajere, duk tsiron farko suka fito dogaye. Da aka sake shuka 'ya'yansu, sai gajeren ya dawo, kusan 1 cikin 4.

To, inda abin ya shafe ki shi ne sikila. Mai AS lafiyarta ƙalau, ba a gane ta a fuska, har ma tana da ɗan kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa S ta yawaita a ƙasashenmu. Amma in ta auri mai AS, kowane ciki yana iya zuwa da AA, ko AS, ko SS mai ciwon ƙashi da yawan ƙarin jini. Rabon SS 1 cikin 4 ne, kuma a kowane ciki lissafin sabo yake komawa. Kar wata ta ce miki ai in an haifi ɗaya an gama, ukun da za su biyo baya sun tsira. Sam! Ana iya jera su.

In kuwa ɗayanku AA ne, ba za ku haifi SS ba.

A 2024 jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, har da na wannan jinin. Ni dai a ganina jira har sai an kawo lefe ganganci ne, don lokacin soyayya ta riga ta yi nisa, iyaye sun shiga, rabuwa ta yi wuya. Jini kaɗan ake ɗiba a asibiti, kuma ki nemi ganin takardar sakamakon saurayin da idonki.