Raunukan Gwiwa, Kwatangwalo da Idon Sawu: Matsayin Ɗori da Asibiti a Ƙasar Boɗinga da Shagari

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bambanta raunin gaɓa da ɗorin gargajiya ke iya wa, da wanda ba makawa sai an kai shi asibiti. Boɗinga da Shagari suna kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega, inda haɗarin mota da na kabu-kabu ke jawo rauni, ban da faɗuwa a gona da fagen kokawa.

Ire-iren Rauni

A idon sawu, targaɗe ya fi yawa, watau jijiyoyin da ke riƙe gaɓar su miƙe ko su ɗan tsage. Maganinsa hutu, da ɗauri sassauƙa, da ɗaga ƙafa. Amma idan mutum ya kasa taka ƙasa, wajibi ne a ɗauki hoton ƙashi, domin karaya kan yi kama da targaɗe.

A gwiwa kuwa, murɗewa kan yaga guringuntsi ko ta tsinke jijiyar ciki. Alamarsa ita ce kumburi, da sarƙewar gwiwa, ko ta riƙa sullewa. Ɗori ba ya haɗa tsinkakkiyar jijiya.

Kwatangwalo shi ya fi haɗari. Idan ya goce, ana so a mayar da shi cikin sa'o'i 6, in ba haka ba kan ƙashin cinya na iya mutuwa saboda yankewar jini. Haka amosanin jini ke lalata shi ga matasa. Karayar wuyan ƙashin ga tsofaffi sai tiyata, ko dai a sa ƙarfe ko a sauya gaɓar, aikin da Sir John Charnley ya kyautata a Ingila a 1962.

Matsalar Ɗaurin Tsauri

Maɗora suna kusa da jama'a, an kuwa yarda da su. Illar ita ce, idan aka tsananta ɗaurin kara a kan ƙafa mai kumburi, jini kan tsaya, naman ya ruɓe, har ta kai ga yanke ƙafa.

Kammalawa

Shawararmu ita ce a koya wa maɗora alamomin haɗari: sanyin yatsu, da baƙinsu, da zafin da ke ƙaruwa, da ƙashin da ya huda fata. Da ganinsu sai a kwance ɗauri, a tura majinyaci Asibitin Ƙashi na Wamakko ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ba tare da jinkiri ba.