Gargaɗi: Idan Hoton Gem Ya Fara Rikicewa, a Kashe Kwamfutar Tukuna

Jama'a, musamman matasa masu buga gem a kwamfuta da masu gidajen gem da ke karɓar kuɗi awa-awa, a saurara da kyau. Idan ana tsaka da wasa sai ɗigo-ɗigo masu launi suka watsu a allo, ko layuka suka ratsa hoton, ko allon ya yi baƙi ƙirin fankoki suna ta ihu, to mai yiwuwa katin hoto ne ya fara nuna alamar ciwo. Kada a sake kunna gem ɗin a ce bari a gwada ko zai wuce. Idan kuwa an ji ƙaurin roba, babu zancen rufe Windows a hankali. A zare wayar daga bango nan take, kuma kada a mayar sai an buɗe akwatin an ga abin da ya ƙone.

Na sa maganar wuta a gaba domin ita ce take iya cin ɗaki, ba kati kaɗai ba. Ramin da ake soka katin a babban allon kwamfuta wat 75 yake bayarwa. Wayar wuta mai baki shida tana ƙara wat 75, mai baki takwas kuma 150. To ga abin da ya zama ruwan dare a wajenmu: mutum ya sayi tsohuwar kwamfutar ofis ta gwanjo, wadda akwatin wutarta bai kai wat 300 ba, ya soka mata kati mai cin wuta irin RX 580, da ya ga babu wayar da za ta shiga katin sai ya sayo ɗan mahaɗi ya jona da wayar SATA ta faifan ajiya. Wannan bakin na SATA wat 54 kacal aka yi shi ya ɗauka. Ana ɗora masa ninki biyu ko uku, sai ya yi zafi, robar ta narke, wayoyi su haɗu. Duk wanda yake da irin wannan mahaɗin a cikin kwamfutarsa, ya cire shi yau, ya nemi akwatin wuta mai wayar kansa. Araha ba ta ado.

Masu manyan katuna ma ba su tsira ba. Da RTX 4090 ya fito a watan Oktoban 2022, mai cin wat 450, nan da nan aka fara ganin hotunan bakin wayarsa a narke. A watan Nuwamba kamfanin Nvidia ya ce ya san da kusan 50 da hakan ta faru da su, kuma ya ɗora laifin a kan rashin tura wayar har ƙarshe. Darasin ya shafi kowane kati. A tura waya sai an ji ta kama, kada a bar ko ɗan tsagi, kada kuma a lanƙwasa ta daf da bakinta don murfin akwati ya rufu. Alamar ƙarancin wuta a bayyane take: kwamfuta tana lafiya lau a kallon fim, amma da gem ya yi nauyi sai ta mutu ɗif ko ta sake tashi da kanta. Ga kuma halin wutarmu, yanzu ta yi ƙasa, anjima ta dawo da ƙarfi, sannan a juya zuwa janareta kwamfuta tana kunne. Sitabilaiza ko UPS mai kyau bai kai kuɗin kati ba. Akwatin wutar kuwa, kada wanda ba gwani ba ya kwance shi, domin yana riƙe caji ko bayan an zare shi daga bango.

Sai zafi. Yawancin katunan Nvidia suna fara rage gudu da kansu idan suka kai kusan digiri 83, kuma an auna su ne a ɗaki mai sanyi. Mu kuwa a watan Afrilu Kano da Sakkwato da Maraɗi suna haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe haƙarƙarin ƙarfen da ke fitar da zafi. A sauke manhajar GPU-Z ko HWiNFO, kyauta ne, a duba zafin yayin da gem yake gudana. Idan yana taɓa 90, a tsaya. A fitar da katin, a hure ƙurar da abin hura iska, amma a riƙe fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima. Katin da ya shekara huɗu ko biyar ba a taɓa buɗe shi ba, man da ke tsakanin ƙwaƙwalwarsa da ƙarfen sanyaya ya riga ya bushe, sai an goge an shafa sabo. Kuma don Allah a daina cusa kwamfuta a lungun tebur, bayanta manne da bango.

Ba kowace rikicewa ce mutuwar kati ba, shi ya sa nake cewa a bincika kafin a kashe kuɗi. Windows tana jiran kati daƙiƙa 2. Idan bai amsa ba sai ta sake tayar da direbansa, wannan ne ɗan baƙin da allo yake yi gem ya fita. Sau da yawa direban ne ya lalace ko sabon da aka sauke bai zauna ba. A goge shi tas da manhajar DDU, a sa wani daga shafin Nvidia ko AMD ko Intel kai tsaye. Akwai masu ba da shawarar a shiga rajistar Windows a tsawaita waɗannan daƙiƙu 2. Wannan toshe bakin mara lafiya ne don kada a ji nishinsa. A canza wayar HDMI ma, ita ce gwaji mafi sauƙi. A ɗauki hoton allo daga cikin Windows a tura zuwa wayar hannu: idan ɗigon bai fito a hoton ba, a fara zargin wayar HDMI ko talabijin ɗin. Idan kuwa layukan suna nan tun ana kunna kwamfuta, kafin Windows ta tashi, to direba ba shi da laifi. Wanda ya ƙara wa katinsa gudu da MSI Afterburner ya mayar da shi yadda yake. Idan sai an rage gudun ma'ajiyar katin sannan hoto yake gyaruwa, ma'ajiyar ce ta fara gajiya, kuma ba ta warkewa da kanta.

A nan ne gargaɗin ya fi tsanani. Za a sami wanda zai ce a gasa katin a tanda, ko a bi shi da injin iska mai zafi na masu gyaran waya. Wani lokacin yakan farfaɗo, shi ya sa dabarar ta ƙi mutuwa. Amma farfaɗowar ta 'yan kwanaki ce ko makonni, zafin yana illata sauran kayan da ke jikin katin, hayaƙin dalma da roba kuma yana zama a tandar da ake gasa abinci. Gyara na gaskiya shi ne a gano ƙwayar da ta mutu a canza ta, kuma ba kowane mai tebur a kasuwa ne yake da kayan wannan aikin ba.

Mafi muni, irin wannan gasasshen katin ne ake gogewa a sayar wa wanda bai sani ba. Tun ranar 15 ga Satumban 2022 da aka daina amfani da katunan hoto wajen haƙar kuɗin intanet na Ethereum, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwannin duniya, namu ma ba a bar su a baya ba. Akwai kuma na jabu, tsohon GTS 450 da aka sauya wa suna ya koma GTX 1050 Ti; GPU-Z yana tona asirin da yawa daga cikinsu. Saboda haka ko a Farm Centre ta Kano kake saye, ko saƙo aka yi maka daga Ikeja, kada ka biya sai an soka katin a gabanka, an kunna manhajar gwaji ta FurMark ko gem mai nauyi na rabin awa kana kallon allo da zafinsa. A duba bayan katin: rawaya ko duhu kewaye da ƙwaƙwalwa alamar an taɓa bin sa da wuta ne. A nemi garanti a rubuce, ko na mako biyu ne. Mai kayan da ya ƙi gwaji, a bar masa kayansa.

Masu gidajen gem, yaran mutane ne suke zaune a gaban waɗannan akwatuna, galibi a ɗaki mai ƙofa ɗaya. Ku buɗe kowace kwamfuta a wannan makon, ku shinshina, ku duba bakin kowace waya, wadda ta canza launi ku cire ta kafin ku sake karɓar kuɗin kowa.