Ƙadangaren Hamada Mai Ƙaho: Ina Gaskiya, Ina Ƙarin Gishiri?

Duk wanda ya ga bidiyon ƙadangaren nan mai faffaɗan jiki yana fesa jini daga idonsa, da wuya ya manta. Sai dai labarin da ke biyo bayan bidiyon yakan zo a cakuɗe, an haɗa halayen dangi guda an ɗora wa mutum ɗaya. Ƙadangaru masu ƙaho jinsi-jinsi ne, sun haura goma sha biyu, dukkansu a nahiyar Amurka ta Arewa. Wanda nake magana a kansa shi ne na hamada, wanda masana suka raɗa wa suna Phrynosoma platyrhinos a 1852. Gidansa busassun filayen yammacin Amurka ne, daga Aidaho da Nebada da Yuta zuwa Arizona da Kalifoniya, har ya leƙa arewa maso yammacin Meziko. In aka cire wutsiya, tsawonsa bai kai santimita 10 ba. Tafin hannu ya ishe shi kwanciya.

Mu fara da jinin. Gaskiya ne akwai ƙadangaru masu ƙaho da ke yin haka. Idan kare ko dilan Amurka da ake kira koyote ya matsa wa irinsu lamba, sai ya matse jijiyoyin da ke kwashe jini daga kansa, jinin ya taru a gefen ido har ƙananan jijiyoyi su fashe, ya yi tsartuwa kusan mita ɗaya da rabi. Jinin yana da ɗanɗanon da karnuka ke ƙyama, za ka ga karen yana girgiza kai yana goge baki a ƙasa. Tsuntsaye kuwa ko a jikinsu. To amma gwanin wannan aiki ƙadangare mai ƙaho na jihar Tekzas ne da wasu ’yan uwansa. Masu bincike biyu, Wade Sherbrooke da George Middendorf, sun gwada jinsi daban-daban da kare, suka buga sakamakon a 2001: na hamada yana cikin jinsi uku da ba su fesa jinin ba. Bidiyon ba ƙarya ba ne, sunan da aka liƙa masa ne ba nasa ba.

Ana cewa kwaɗo ne, saboda mutanen yankin haka suke kiransa, kwaɗo mai ƙaho. Siffar ce ta ruɗe su. Ƙadangare ne cikakke, a ƙasa yake haƙa rami ya saka ƙwai. Ana kuma cewa ƙahonsa na da dafi. Babu dafi a ƙahon, babu a bakinsa. Mai dafin a waccan hamada wani ƙadangare ne dabam, babba, da ake kira Gila. Ƙahonin dai na gaske ne, ƙashi ne da ya tsiro daga ƙoƙon kai, kuma an sha samun maciji a mace bayan ya haɗiye irin waɗannan ƙadangaru ƙahon ya huda masa maƙogwaro.

Abin da ya fi burge ni shi ne wanda ba a cika yaɗawa ba. Babban makaminsa ɓuya ne. Launin bayansa yakan dace da ƙasar inda yake zaune, ja-ja a jar ƙasa, fari-fari a rairayi. In ya ji motsi sai ya manne da ƙasa, ko ya girgiza jiki hagu da dama har yashi ya rufe shi, ido da hanci kawai a waje. Cimarsa tururuwa ce, irin masu jidar ƙwayar ciyawa zuwa rami, masu harbi da zafi. Yakan tsaya a gefen layinsu, ya riƙa ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya da harshe, ya haɗiye ba tauna. Tururuwa ba ta da maiƙo, sai an ci da yawa take ƙosarwa, shi ya sa tumbinsa ya yi girma, jikin ya baje, gudu ya yi masa wuya. Wanda ba ya iya gudu kuwa dole ya iya ɓuya.

Maganar cewa yana shan ruwa ta fata, rabinta gaskiya ce. Idan aka yi yayyafi yakan ɗaga baya ya sunkuyar da kai, ruwan ya bi ƙananan hanyoyin da ke tsakanin ɓawon fatarsa, kamar yadda kananzir ke hawa lagwani, har ya isa gefen baki. Da baki yake sha.

Jita-jitar da ta fi ɓata mini rai ita ce wai yana iya shekara da shekaru ba ci ba sha. Labarin da ya fi yaɗa ta daga garin Eastland ne a Tekzas. An ce a 1897 an rufe wani ƙadangare mai ƙaho a cikin dutsen harsashin ginin kotu, da aka rushe ginin a 1928 aka fito da shi da rai, bayan shekara 31. Aka sa masa suna Old Rip, aka kai shi har gaban Shugaban Amurka Calvin Coolidge, ya mutu a 1929, gawarsa tana ajiye a kotun har yau. Masana ba su yarda ba, domin waɗannan dabbobi ko a daji ba sa kusantar irin wannan shekaru. Abin da suke yi shi ne su binne kansu a ƙasa su kwana watannin sanyi, da bazara su fito. Amma labarin ya ƙara wa mutane sha’awar kama su a kai gida, a zuba cikin kwali, da zaton ba sa buƙatar komai. Dabbar da take cin tururuwa masu yawa a kowace rana, take buƙatar zafin rana da yashin da za ta nutse, ba ta daɗewa a kwali. Yawancin waɗanda aka kwaso daga hamada a hankali suke ramewa su mutu a hannun masu su.